Mai Harhaɗa Magunguna: Shingen Ƙarshe Tsakanin Takardar Likita da Bakin Majiyyaci

Mai harhaɗa magunguna shi ne ma'aikacin lafiyar da ya ƙware a kan magani shi kansa: daga me aka samo shi, yadda yake narkewa ya shiga jini, awa nawa yake yi kafin hanta ko ƙoda su fitar da shi, waɗanne ne ba sa ga maciji da juna, da kuma iyakar da amfaninsa ke ƙarewa gubarsa ta soma. Likita ya fi shi sanin cuta da jikin da ta kama, ma'aikaciyar jinya ta fi shi sanin halin da majiyyaci ya kwana a ciki, amma idan aka zo batun ƙwayar da za a haɗiya ko ruwan da za a ɗura a jijiya, shi ne gaba. A Najeriya mutum ba ya amsa wannan suna sai ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin wani gogagge, sannan hukumar da ke kula da sana'ar, wato PCN, ta yi masa rajista, kuma kowace shekara sai ya sabunta lasisinsa.

Duk da wannan dogon karatu, abin da yawancin masu zuwa asibiti suka sani game da shi bai wuce hannun da ke fitowa ta taga ya karɓi takarda ya miƙo leda ba. Hakan yana da dalili. Aikin nasa idan ya yi kyau, babu abin da ido zai gani. Likitan tiyata ya gama aiki, dangi su ga ɗinki su yi godiya. Mai harhaɗa magunguna kuwa ya lura an rubuta wa yaro mai nauyin kilo goma adadin da ya dace da babba, ya tashi ya je ya sami likita a gyara, uwar yaron ta karɓi maganinta ta tafi tana mitar an ɓata mata lokaci. Ba wanda zai ba ta labarin abin da bai faru ba. Asalin darajar wannan sana'a yana cikin ikon da mai ita yake da shi na cewa a'a: ga takardar da ke da kuskure, ga kwalin da ba a san asalinsa ba, da kuma ga mai kuɗi a hannu da yake neman abin da zai cuce shi. Tarihinta kusan gaba ɗaya labari ne na yadda al'ummomi suka gane suna bukatar irin wannan mutum, galibi bayan sun binne mutanensu.

Haɗa magani ya girmi rubutu, kuma tun da ɗan Adam ya soma rubutu ya soma adana fatawar magani. An tono allunan yumɓu a ƙasar Iraƙi ta yau masu ɗauke da haɗe-haɗen magunguna na kimanin shekara dubu huɗu da suka shige. A Masar akwai wata doguwar takarda da aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, mai ɗauke da ɗaruruwan magunguna. A ƙarni na farko bayan haihuwarsa, wani Bagirike mai suna Diyoskoridis ya tattara bayanin tsirrai kusan 600 da amfaninsu a wani littafi da ya zama madogara har tsawon shekaru fiye da dubu. A duk wannan zamani, mutum ɗaya ne yake duba marar lafiya, ya saro itace, ya daka, ya bayar, ya karɓi ladansa. Idan ya yi kuskure babu mai kama shi, idan ya yi ha'inci babu mai tona shi.

A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa ne sana'ar ta tsaya da ƙafafunta. Tun daga ƙarni na takwas birnin ya cika da shagunan masu sayar da magani, kuma manyan asibitocin daular Musulunci sun keɓe ɗakin magani da ma'aikatansa daban. Da cinikin ya bunƙasa, algus ya biyo baya, sai hukuma ta shigo. Ibnu Abi Usaibi'a, a cikin littafinsa na tarihin likitoci, ya kawo abin da ya faru a sansanin Afshin, babban kwamandan Halifa Mu'utasim wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842. An ba kwamandan shawarar ya jarraba masu sayar wa dakarunsa magani, sai ya sa aka rubuta wasu sunaye waɗanda ba na magani ba ne sam, aka aika a sayo. Wasu suka karɓi kuɗi suka ƙulla abin da suka ga dama suka bayar. Wasu suka ce ba su san wannan magani ba. Waɗannan na biyun aka bari su ci gaba da sana'a, sauran aka kore su daga sansanin. Jarrabawar ba ta nemi sanin wanda ya fi tarin kaya a shago ba. Ta nemi wanda zai iya barin kuɗi su wuce shi don kada ya ba mutum abin da bai sani ba, kuma har yau babu ma'aunin da ya fi wannan.

Daga nan aka sa sa ido a kan masu magani cikin aikin hisba. Shaizari, wanda ya rubuta jagorar aikin muhtasibi a ƙarni na goma sha biyu, ya ware musu babi guda, ya bayyana hanyoyin da ake gauraya magunguna masu tsada da na banza da yadda za a gane, ya kuma nemi a riƙa duba kayansu kowane mako. Hujjarsa ita ce algus ɗin mai magani ya fi na kowane ɗan kasuwa muni, domin mai saye ba shi da hanyar ganewa, ga shi kuma abin rai ya shafa. A ɓangaren ilimi, Sabur ɗan Sahal, wanda ya rasu a 869, ya tsara littafin haɗe-haɗen da asibitocin Bagadaza suka yi ta aiki da shi shekaru aru-aru. Biruni ya rufe rayuwarsa da littafi a kan wannan fanni, inda ya jera magunguna sama da dubu da sunayensu a harsuna daban-daban don kada a ba da wani a madadin wani. Ibnul Baiɗar, mutumin Malaga ta Andalus da ya rasu a 1248, ya yi tattaki daga Arewacin Afirka har Sham yana duba tsirrai da idonsa, ya tattara bayanin abubuwa kusan 1,400. A Alƙahira kuma, wajen 1260, wani Bayahude da ake kira Kohin Al-Aɗɗar ya rubuta wa ɗansa jagorar tafiyar da shagon magani, ya haɗa awo da ajiya da ladubban mu'amala da talaka a wuri guda.

Turai ta karɓi wannan tsari ta hanyar Sisili da Andalus. Tsakanin 1231 da 1240 Sarki Faradarik na Biyu ya kafa dokokin da suka raba aikin likita da na mai haɗa magani, suka hana su haɗa jari, suka ɗora wa mai haɗa magani rantsuwa da ƙayyadadden farashi. Hikimar a bayyane take. Wanda yake rubuta magani idan shi ne zai ci ribar sayar da shi, alƙalaminsa zai yi nauyi. Idan kuwa ido biyu ne suka bi takarda, kuskuren na farko yana iya tsayawa a hannun na biyu.

A ɗakunan bayan shagunan magani na Turai ne kimiyyar sinadarai ta zamani ta yi rarrafe. Shele, mutumin Suwidin da yake cikin waɗanda suka fara gano iskar oksijin, mai haɗa magani ne. Haka Satuna, matashin Bajamushen da ya tsamo sinadarin mofin daga ƙaron tsiron ofiyom a farkon shekarun 1800. Kafin shi, ba wanda ya san ƙarfin abin da yake ba majiyyaci, domin ƙaron bana ba lallai ya yi daidai da na bara ba. Da aka ware sinadarin shi kaɗai, sai awo ya yiwu. A 1820 wasu Faransawa biyu masu harhaɗa magunguna, Peletiye da Kabantu, suka fitar da kwinin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka, suka kuma bayyana hanyar a fili kowa ya amfana. Wannan aiki nasu ya taɓa tarihin wannan yanki kai tsaye. A 1841 zazzaɓi ya kashe Turawa gommai a cikin ayarin da ya shiga Kogin Kwara. A 1854 Dakta Baiki ya shigo Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa ko mutum ɗaya ba. Maganin da ya ceci miliyoyin rayuka shi ne kuma ya buɗe wa 'yan mulkin mallaka ƙofar da sauro ya daɗe yana tsare da ita.

Ƙasar Hausa ba ta zauna jiran Turawa kafin ta san magani ba. Tana da 'yan magori da masu saiwa da 'yar mai ganye, da wanzamai da masu ɗori da ungozomomi, da 'yan kolin da ke kawo kanumfari da habbatus sauda da jar kanwa kasuwanni irin su Kurmi. Malaman Daular Sakkwato sun yi rubutu a fannin, musamman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda cikin rubuce-rubucensa na likitanci akwai na maganin basir da na amfanin filasko. A 1916 wani likita Bature, Dalziyel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma abin da ya tattara daga bakin mutanen ƙasa ne. Ilimin yana nan da yawa. Inda ya yi rauni shi ne awo da shaida: tafin hannun wannan ya fi na wancan girma, kuma mai magani shi ne mai yabon kayansa, abin da ya sa Bahaushe ya yi wa magori kirari da wasa kanka da kanka.

Sana'ar a sigarta ta zamani ta shigo ta Legas, inda aka buɗe shagon magani irin na Turai tun a 1887. An kafa Ƙungiyar Masu Harhaɗa Magunguna ta Najeriya a 1927, aka buɗe makarantar koyar da aikin a Yaba, sannan a Zariya a 1930. Waɗanda makarantar Zariya ta yaye su ne disfensocin da suka riƙe ƙananan asibitocin En'e a garuruwan da likita bai taɓa kwana ba, kuma dattawa da yawa a Arewa ta hannunsu suka fara sanin maganin asibiti. Karatun digiri ya fara a Jami'ar Ife a shekarun 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya ba da jimawa ba.

Abin da ya fi nuna wa Najeriya muhimmancin wannan aiki shi ne gawarwakin yara. Akwai wani ruwa mai ɗan zaƙi da ake kira dayitilin gilaikol, wanda masana'antu ke amfani da shi a man birki da makamantansa. A ido da harshe ya yi kama da ruwan da aka saba narkar da maganin yara a ciki, ya kuma fi shi araha, amma yana kashe ƙoda cikin kwanaki. A 1937 ya kashe mutum sama da ɗari a Amurka, abin da ya haifar da dokar 1938 da ta wajabta tabbatar da rashin illar magani kafin a sayar. A 1990 ya shiga ruwan farasitamol a Najeriya ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan, kuma wannan musiba tana cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993. A ƙarshen 2008 ya sake dawowa cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu, kotu ta ɗaure wasu ma'aikatan kamfanin da ya haɗa shi a 2013. A 2022 ya kashe yara kusan 70 a Gambiya ta cikin magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya. A kowane karo an tsallake mataki ɗaya ne: gwada kayan haɗi a ɗakin bincike kafin a zuba su a tukunya. Wannan mataki aikin mai harhaɗa magunguna ne, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da abin da rashinsa ya jawo.

Jabun magani ma haka. A lokacin annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar, an yi wa mutum sama da 50,000 allurar rigakafin da babu komai a cikinta, kuma an ƙiyasta mutum 2,500 sun rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Sunan da 'yan Najeriya ba za su manta ba a wannan yaƙi shi ne na Dora Akunyili, mai harhaɗa magunguna da ta yi karatu a Nsukka, wadda 'yar'uwarta mai ciwon suga ta rasu a 1988 sanadin jabun insulin. Ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe kasuwar magani ta Onica, ta koya wa talaka duba lambar hukumar a jikin kwali. A Disambar 2003 aka buɗe wa motarta wuta a Jihar Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta ya shafi fatar kanta. Abin lura a tarihinta shi ne aikin da ta yi ba sabo ba ne. Shi ne dai na muhtasibin Bagadaza, sai dai kasuwar ta faɗaɗa ta kai Indiya da Sin.

Sai dai yawancin aikin ba a gaban kyamara ake yin sa ba, a kan kanta ake yi, da tambayoyin da majiyyaci kan ɗauka surutu ne. Kina da juna biyu? Kana shan wani magani? Kana da gyambon ciki? Yaron kilo nawa ne? Kowace tambaya akwai abin da take karewa. Magungunan ciwon jiki irin su dikilofinak da ibufurofin, waɗanda lebura da ɗan acaɓa ke sha kullum da yamma, suna iya huda ciki su gajiyar da ƙoda. Mai shan maganin tsinka jini idan ya ɗora asfirin a kai yana iya zubar da jinin da ba zai tsaya ba. Tetirasaikilin idan ya haɗu da madara ko kanwa ba ya shiga jini yadda ya kamata. Rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin fuka, yana mai da fitsari ja, kuma majiyyacin da ba a gaya masa ba yakan tsorata ya daina sha. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu sau shida ake shan sa cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo, amma da yawa sukan tsaya a rana ta biyu da zarar jiki ya yi sanyi, su ajiye saura don wani karon. Uwa kan ba yaro maganin mura da na zazzaɓi da na haƙori a lokaci guda ba ta san kowanne akwai farasitamol a cikinsa ba, hanta kuwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke son yin azumi yana bukatar wanda zai zauna da shi a sake tsara lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa baki. A inda mutane da yawa ba sa karanta rubutun boko, zanen layi uku a bayan ambulan, safe da rana da dare, da bayanin baki cikin harshen da mutum yake ji, su ne suke raba warkewa da wahalar banza.

Ajiya ma ilimi ce. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu kada zafin wurin ya wuce digiri 30, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura 40. Insulin da alluran rigakafi da oksitosin, allurar da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, duk firji suke bukata. Allurar da ta yi wata guda a cikin shagon kwano tana nan da sunanta da kwalinta da lambar hukuma, amma ƙarfinta ya ragu, kuma mai naƙudar da aka yi wa ita ba ta da hanyar sani.

A nan ne babbar matsalar Arewa take. Mutumin da yawancin jama'a ke samu idan ciwo ya taso shi ne mai kemis, wanda doka ta ba izinin sayar da ƙananan magunguna cikin kwalayensu na asali kawai, ban da allura da ƙarin ruwa da magungunan da sai da takardar likita. A aikace kuwa, a ƙauyuka da unguwanni da yawa shi ne likita, shi ne nas. Mutum ya zo ya ce a haɗa masa na ɗari biyar, a ɓantaro wannan a ɓantaro wancan, a ƙulla masa kamar ana awon kayan miya. Zagin masu kemis ba shi da amfani, domin gurbin da hukuma ta bari suka cike, kuma cikinsu akwai masu amana da suka san iyakarsu suke tura mutane asibiti. Amma sakamakon sayar da kafso biyu-biyu yana tafe. Ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin da aka sha rabi aka bari. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Kano, wadda magungunanta ke kaiwa har Maraɗi da Damagaram da Chadi, ta daɗe da babbar kasuwar magani a Sabon Gari, inda aka riƙa jibge kwalaye cikin zafi ba tare da mai sa ido ba. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin kotun tarayya, NAFDAC da PCN suka rufe shaguna sama da dubu don tilasta wa dillalai komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, inda hukumomin ke da ofis a cikin harabar. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar shaguna, kuma kukansu abin saurare ne. Manufar dai daidai take: a san ta inda kowane kwali ya shigo da inda ya nufa.

Yabon sana'a ba ya hana a faɗi laifin 'ya'yanta. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga ciki da magunguna irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma da maganin tari. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan wani rahoton bincike na BBC. Kwalaben da suka lalata matasa da matan aure a Kano da Jigawa ba a daji aka haɗa su ba. Daga masana'antu masu rajista suka fito, kuma doka ta ce kowace masana'anta da kowane babban dillali sai da mai harhaɗa magunguna da ke kula da shi. Akwai kuma mummunar al'adar hayar lasisi, inda ƙwararre zai ba ɗan kasuwa takardarsa a rataye a bango, ya riƙa karɓar kuɗi duk shekara ba tare da ya taka shagon ba. Wanda ya yi haka ya sayar da abu ɗaya tilo da ya bambanta shi da mai talla a tasha. Haka wanda ya miƙa wa budurwa sha-ka-fashe don ta yi ƙiba alhali ya san abin da yake yi wa ƙashi da sugan jini.

A fagen bincike, abin da aka yi kaɗan ne idan aka duba arzikin tsirran ƙasar, amma ya isa nuna hanya. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta karɓi wani haɗin gargajiya na cutar sikila ta tace shi ta gwada shi, aka sami maganin Niprisan, wanda cikin kayan haɗinsa akwai karan dafi da masoro da kanumfari. A Sin, Tu Yuyu, wadda harhaɗa magunguna ta karanta, ta koma tsofaffin littattafan likitancin ƙasarta ta fitar da sinadarin atimisinin daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970. Shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, kuma ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Sanin 'yar mai ganye yana bukatar wanda zai auna shi, ya tantance mai amfani da mai cutarwa, maimakon a bar shi ga masu lasifika a kan mota da ke tallar kwalba ɗaya mai maganin cuta arba'in.

Ranar 25 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar masu harhaɗa magunguna ta duniya, wadda ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙasa ta tsayar a 2009 don tunawa da kafuwarta a 1912. Taro da jawabi ba laifi ba ne, amma martabawar da za ta amfani majiyyaci tana cikin tsarin aiki. A asibitocin da suka ci gaba, mai harhaɗa magunguna yana bin zagayen duba marasa lafiya tare da likitoci, yana faɗin ra'ayinsa kafin a rubuta magani. A yawancin asibitocin Najeriya an killace shi a sito da taga, kuma daɗaɗɗiyar takun-saƙar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci da ta sauran ma'aikatan lafiya kan muƙami da albashi ta sa gyaran kuskure a takarda yakan zama kamar raini. Ƙwararrun da ake da su sun taru a manyan birane, wasu kuma suna ficewa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya, har akwai ƙananan hukumomi da dama a Arewa da ba su da shagon magani ko ɗaya da ƙwararre ke tsaye a kai. Dokar PCN ta 2022 ta ƙara wa hukumar iko a kan masu kemis, kuma amfanin wannan iko zai fi fitowa idan aka bi ta hanyar horar da su da haɗa kowane rukuni da ƙwararren da zai riƙa duba su, fiye da rufe shagon da shi kaɗai ne a gari.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne tushen sauran. Najeriya tana shigo da mafi yawan magungunanta daga waje, har da sinadaran da masana'antun gida ke haɗawa, shi ya sa faɗuwar darajar naira da ficewar kamfanin GSK a 2023 suka ninka farashin maganin asma da na ƙwayoyin cuta. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fita. Mai harhaɗa magungunan da ke da shago kuwa abincinsa yana cikin ribar kwalin da ya sayar, don haka duk lokacin da ya ce wa mutum wannan murar ba ta bukatar kafso, ya yi asara, mutumin kuma ya wuce shago na gaba. Ingila ta magance wani ɓangare na wannan ta hanyar biyan shagunan magani kuɗin shawara da dubawa, kuma tun Janairun 2024 aka ba su damar kula da wasu ƙananan cututtuka bakwai ba sai an ga likita ba. Dokar inshorar lafiya ta Najeriya ta 2022, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, tare da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, suna da damar yin irin wannan: su sa shagunan ƙwararru cikin tsarin, su biya su ladan awon hawan jini da suga, da bibiyar masu shan magani na dindindin, da duba takardar likita, ko an sayi kwali ko ba a saya ba.